Matar Da Aka Binne A Takarda

Tun kafin a buɗe ofishin rajistar waɗanda ambaliya ta shafa take tsaye a layi, ta dogara da wata sanda da ta tsinta a hanya, ƙafarta ta hagu wadda ta karye ta warke a karkace tana yi mata zugi har cikin ƙwaƙwalwa. Sai da rana ta take tsaka sannan layi ya zo kanta. Ta leƙa ta 'yar tagar nan mai ƙarafuna, ta gaishe da akawun da ke ciki har sau biyu, bai amsa ba, ya dai miƙo hannu alamar ta ba shi takarda. Ta ce ba ta da ko guntuwa, ruwa ya tafi da komai, amma ta faɗa masa sunanta da na mijinta marigayi da layin da gidansu yake. Akawun ya lashi yatsa ya shiga buɗe wani ƙaton littafi yana bin shafi da bakin biro, can sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ta, ya sake duban littafin, sannan ya yi hamma.

"Baiwar Allah, matar nan da kike faɗa ai ta rasu. Ga ta nan, lamba ɗari huɗu da goma sha bakwai. Wata bakwai ke nan da binne ta."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ranka ya daɗe, ni ce fa! Ga ni a gabanka ina numfashi..."

"Ni ban ce ba kya numfashi ba, cewa na yi littafi ya ce kin rasu. Ni kuwa littafi nake yi wa aiki. Na baya ya matso!"

Wayyo duniya! Mutanen da ke bayanta suka ture ta gefe, wani mara tausayi har da cewa shi yau ya ga gawa mai bin layi, aka kwashe da dariya. Ta lallaɓa ta zauna a gindin katanga, ta haɗa kai da gwiwa ta fashe da kuka mai cin rai. Ba gidan da ruwa ya cinye take yi wa kuka ba, ba kuma kayan ɗaki ba. 'Yarta take nema, yarinya 'yar shekara shida, wadda rabonta da ita tun ranar da ruwa ya ci unguwarsu. Ta zo ne a gaya mata inda aka kai yarinyar, sai ga shi an gaya mata inda aka binne ta ita.

A tsohuwar unguwarsu babu mai kiranta da sunanta, Mai Keke kowa yake ce mata, domin tun da mijinta ya rasu ya bar ta da jaririya a hannu, ƙarar keken ɗinkinta ce ke tashin maƙwabta kowace safiya. Da wannan keken ta rufa wa kanta asiri, ba ta taɓa zuwa ƙofar dangin miji da ƙoƙon bara ba. 'Yar tata kuwa Tsuntsuwa ake ce mata, saboda ɗan tsince-tsincen da take yi wa abinci kamar ba ta so. A ɗakin da ke jikin nasu akwai wata tsohuwa da ba ta da kowa a duniya, yara da manya Kaka suke ce mata, ita ce ta goyi Tsuntsuwa a lokacin da uwar ke kan keke.

Ranar da madatsar ruwa ta ɓalle, da hantsi ne, kafin a ce wannan ruwa ya kai ƙirjin babban mutum. Jama'ar unguwa suka taru a saman benen makaranta, yara na kuka, manya na salati. Gwamnati ta riga ta kafa dokar ta-ɓaci, kuma a cikin dokar an ce jirgin ceto ba zai ɗauki kowa ba sai mai awarwaron roba mai lamba a hannunsa, awarwaron kuma ba a ba da shi sai ga wanda ya nuna katin shaida, a rubuta sunansa a gefen lambar. Wai don kada a rasa lissafin mutane! Mai Keke ta fito da nata katin daga ƙullin zani, aka ɗaura mata aka ɗaura wa 'yarta. Kaka kuwa nata katin yana can ƙarƙashin ruwa tare da katifarta. Tsohuwar tana zaune a jiƙe sharkaf, tana karkarwa, numfashinta yana fita da ƙyar. Aka roƙi jami'in, aka haɗa shi da Allah da iyayensa, ya ce umarni umarni ne, shi ba zai rasa aikinsa saboda tsohuwar wasu ba. Mai Keke ta dubi tsohuwar nan da ta goya mata 'ya shekara da shekaru ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, sai ta ji ba za ta iya taka jirgin ta bar ta ba. Ta juya baya, ta zame awarwaron daga siririn hannunta, ta zura wa Kaka.

"Kaka, riƙe mini Tsuntsuwa ku yi gaba. Ni da ƙarfina, ga katina a hannu, in jirgi na biyu ya zo sai su ba ni wata lambar in biyo ku."

"'Yar nan, anya kuwa? Ni na riga na ci zamanina..."

"Don Allah ki tashi, Kaka, za su tafi!"

Jirgi na biyu bai zo ba. Da la'asar ginin makarantar ya rufta, ruwa ya kwashi na kwasa. Masunta ne suka tsamo Mai Keke can nesa, ta maƙale a reshen bishiya, ƙafa a karye, ba ta san inda kanta yake ba, kati kuwa ya bi ruwa. Aka kai ta wani sansani mai nisan gaske, ta yi makonni ba ta gane mutane. Tana fara dawowa hayyacinta sai cutar amai da gudawa ta ɓarke a sansanin, gwamnati ta sa aka zagaye shi da waya, babu shiga babu fita har wata shida. Kullum tana bakin wayar nan tana roƙon masu gadi su kai mata saƙo, tana rubuta sunan 'yarta a bayan kwalin magani tana miƙa musu. Su karɓa su cusa a aljihu, shi ke nan an wuce wurin.

Abin da ba ta sani ba shi ne, Kaka ba ta wuce kwana uku a nasu sansanin ba Allah ya karɓi abarsa, da awarwaron a hannunta. Ma'aikata suka karanta lamba, suka duba littafi, suka ga sunan Mai Keke. Doka ta ce kafin a binne gawa sai wani ɗan'uwa ya gani ya sa hannu, sai aka nemo yayan mijin Mai Keke, wanda Tsuntsuwa ke kira Baffa. Mutumin nan tun rasuwar ƙanensa bai taɓa leƙo su da ko sabulu ba, amma a ranar har da gudunsa, domin ya ji wani sashe na dokar da ya ce duk wanda ya ɗauki marayan ambaliya za a ba shi gida ɗaya daga cikin sababbin gidajen da aka gina a kan tudu. Ya shiga ya ga gawa, ya san sarai ba matar ƙanensa ba ce, ya ɗauki biro ya sa hannu ko gezau. Kai, wani mutum sai a bar shi da Allah!

Kwana huɗu Mai Keke ta yi tana cigiya bayan an kore ta daga ofishin rajista, kafin wata mai sayar da gawayi ta nuna mata gidan. Gida ne sabo fil, da fenti ruwan ƙwai da ƙofar ƙarfe. Ta tarar da Baffa zaune a kan kujerar roba a ƙofar gida yana yankan farce. Farin ciki ya rufe ta, ta saki sandar ta zube a gabansa.

"Yaya! Yaya ni ce! Alhamdulillahi, Allah na gode maka... Ina Tsuntsuwa? Tana lafiya?"

Rezar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa. Na ɗan lokaci fuskarsa ta yi fari fat. Amma da ya waiga ya dubi fentin nan da ƙofar ƙarfen nan, ya kuma tuna sa hannun da ya yi, sai ya shafa wa idonsa toka ya miƙe tsaye.

"Ke wace ce? Wa kike kira Yaya? Matar ƙanena ta rasu, da idona na ga gawarta. Irinku ne masu bin gidajen mutane kuna sojan gona don ku ci haƙƙin marayu!"

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Ni ce fa na ɗinka maka rigar da ka sa ranar jana'izar ƙanenka... Wallahi ba gidan nake so ba, ka riƙe abinka har abada, ba zan gaya wa kowa ba. 'Yata kawai za ka ba ni, mu tafi ko ƙarƙashin bishiya ne mu zauna."

Ana cikin haka ƙofar ta buɗe, wata 'yar yarinya ta fito da bokitin da ya kusa kai tsayinta. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, gashin nan da uwar ke zama ta taje kullum ya cukurkuɗe ya yi ja. Mai Keke ta buɗe hannuwa biyu ta ce, "Tsuntsuwata..." Yarinyar ta ɗago ido. Maimakon ta rugo, sai ta saki bokitin ta ƙwalla wata irin ƙara, ta toshe idanu da hannu ta koma cikin gida da gudu tana faɗuwa tana tashi. Ashe Baffa, da yake ya san ba ita aka binne ba, ya san kuma wata rana tana iya ɓullowa, tuni ya shirya wa ranar. Wata bakwai yana cusa wa yarinyar cewa uwarta ta mutu, in kuwa ta ga mai kama da ita to ba mutum ba ce, irin mutanen ruwa ne masu aron fuskar matattu su ja yara zuwa ƙasan kogi. Duk wahalar da Mai Keke ta sha, da karaya da yunwa da waya, babu wadda ta kai wannan ƙarar ciwo. Ta daɗe a durƙushe a wurin bayan an rufe ƙofa, hawaye na zuba a ƙasa, tana cewa, "Ya Allah kana gani... Ya Allah kana gani..."

Washegari ta ja ƙafa zuwa kotu. Magatakardan kotun dattijo ne mai sauƙin kai, ya ba ta kujera, ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya girgiza kai. Ya ce da wane suna za ta shigar da ƙara, alhali mai sunan a wurin hukuma matacciya ce, matacce kuwa ba ya ƙara? Ta ce to ta yi ƙarar littafin da ya kashe ta. Ya jawo wata takarda ya nuna mata sashe na tara na dokar ta-ɓaci, wanda ya hana kowace kotu sauraren koke a kan rajistar ambaliya ko a kan jami'an da suka rubuta ta, har sai an ɗage dokar. Ta tambaya yaushe za a ɗage. Ya ce sau uku ke nan ana ƙara mata wa'adi, shi ma bai sani ba. Ta nemo tsofaffin maƙwabta biyu da suka rage a garin, suka rungume ta suka yi kuka tare, amma da ta ce su zo su shaide ta sai kowa ya sunkuyar da kai. An gaya musu duk wanda ya ƙaryata rajista za a soke katin abincinsa, ga su da yara. Ba ta yi fushi da su ba, ta dai yi musu sallama ta fito.

Haka ta koma kwana a rumfar wani shago da aka rufe a bakin kasuwa. Matar da a da mata ke layi a ƙofarta da yadi, yanzu allura da zare ne a hannunta tana ɗinke wa 'yan dako yagaggun buhuna, a ba ta abin da za ta sa a baki. Asibiti ba za su duba ƙafarta ba sai da kati, abincin agaji ba a ba matacce. Abu ɗaya ne ya riƙe ta a duniya: kowace safiya takan je ta laɓe a bayan wata bishiya kusa da famfon unguwar tudu, ta ga Tsuntsuwa ta zo ɗiban ruwa. Ba ta matsawa, ba ta kira, don kada ta firgita ta. Ta dai tsaya tana ƙirga ƙasusuwan wuyan 'yarta da ido, tana haɗiye kuka, har yarinyar ta ɗauki bokiti ta ɓace a kwana.

Wata uku tana wannan haƙuri. Ran nan sai santsin bakin famfo ya kwashi yarinyar, ta faɗi a kan fasasshen kwalba, gwiwarta ta tsage jini ya ɓalle. Ina uwa za ta iya tsayawa! Mai Keke ba ta san lokacin da ta jefar da sanda ta isa wurin ba. Ta yage bakin zaninta ta shiga ɗaure ciwon, tana hura mata iska tana cewa sannu, sannu 'yar albarka. Yarinyar ta runtse ido gam, ta ce da wata 'yar siririyar murya:

"Don Allah kar ki tafi da ni cikin ruwa... Zan daina kuka, wallahi zan daina..."

Kafin Mai Keke ta samu bakin amsawa, sai ga Baffa ya taho da gudu yana kururuwa, "Ɓarauniyar yara! Jama'a ku taimaka, ɓarauniyar yara!" Nan da nan aka yi mata caa, mai mari na yi, mai dutse na yi, babu wanda ya tsaya tambaya. Da ba don 'yan sanda sun iso ba da a wurin za a cika abin da littafi ya rubuta. Aka tuhume ta da sojan gona da yunƙurin satar yarinya, aka tura ta gidan yari jiran shari'a. Baffa ya koma gida yana murmushi, a ransa yana cewa ya rabu da ƙaya.

Kwananta arba'in a tsare wata matashiyar lauya, daga cikin masu tsaya wa marasa galihu kyauta, ta zo zagayen ɗakin mata. Ta ga wata a lungu ta jingina da bango, ba ta magana da kowa, tana ta ɗinke rigar wata fursuna. Ta zauna kusa da ita ta ce ta ba ta labarinta. Mai Keke ta faɗa mata komai tun daga saman benen makaranta, ba ta ɓoye ko zame awarwaron da ta yi ba. Lauyar ta share hawaye, ta shiga juya takardar tuhumar, can sai ta yi wata 'yar dariya.

"Baiwar Allah, yayan mijin nan naki ya yi miki gata bai sani ba."

"Gata kuma, ranki ya daɗe? A nan ɗin?"

"Ke ba ki da ikon kai kowa kotu, gaskiya ne. Amma shi da ƙafarsa ya kawo ki. Sashe na tara ya hana a yi ƙarar rajista, bai hana wanda ake tuhuma ya kare kansa ba. Sun ce kina sojan gona, to sai sun tabbatar wa alƙali cewa ke ba ke ba ce. Mu kuma za mu tambaye su, wa suka binne?"

Ranar shari'a kotu ta cika maƙil, domin labarin gawar da ake tuhuma ya zaga gari. Baffa ya sha babbar riga, ya rantse, ya maimaita ƙaryarsa har da matse ido wai yana tuna marigayiya. Mai gabatar da ƙara ya ɗaga littafin rajista sama ya ce wannan shi ne hujja, kuma doka ta hana kowa taɓa shi. Alƙalin, wani tsamurmurin dattijo mai magana a hankali, ya ce ya ji, amma shi ba littafi aka gurfanar a gabansa ba, mace aka gurfanar, kuma ba zai ɗaure mutum ba tare da ya san ko wane ne ba. Ya ba lauya izini ta kira shaidarta.

Sai ga wata mata mai kimanin shekara hamsin ta shigo tana rungume da wani tsohon littafin makaranta da aka naɗe a leda. Ita ce ma'aikaciyar ɗakin ajiye gawa na sansanin da Kaka ta rasu, lauyar ta sha yawo kafin ta gano ta. Ta ce a kwanakin nan gawa ta yi yawa har an daina kiran suna sai lamba, ita kuwa zuciyarta ba ta iya ɗaukar a binne ɗan Adam kamar buhu, shi ya sa ta sayi littafi da kuɗinta, duk gawar da ta wuce ta hannunta sai ta rubuta kamanninta, ko wata rana wani zai zo nema. Alƙali ya ce ta buɗe lamba ɗari huɗu da goma sha bakwai. Ta buɗe ta karanta: tsohuwa ce tukuf, kai duk furfura, babu haƙori ko ɗaya a bakinta, bayanta a ranƙwashe. Lauya ta miƙa takardar mutuwar da Baffa ya sa wa hannu, wadda ta ce marigayiyar shekararta talatin da ɗaya. Kotu ta ɗauki salati.

"Kin ga wanda ya sa hannun?" in ji alƙali.

"Ga shi can zaune, ranka ya daɗe. Na ce masa, malam, anya wannan ce matar ƙanenka? Ya ce ruwa ne ya canza mata kama. Na ce ruwa ba ya zubar da haƙori ya sa furfura a kwana uku. Ya daka mini tsawa ya ce in tsaya a matsayina. Kuma ranka ya daɗe... da yarinya ya shigo. Yarinyar tana ganin fuskar ta ce, wannan ai Kaka ce, ina Mamata? Ya toshe mata baki da hannu ya fita da ita. Na kai maganar wurin shugabanmu, ya ce lamba ta riga ta shiga littafi. Shekara guda ke nan muryar yarinyar nan ba ta bar kunnena ba."

Aka shigo da Tsuntsuwa. Alƙali ya sauko daga kujerarsa ya tsuguna a gabanta, ya ce kada ta ji tsoron kowa, babu mai taɓa ta a nan. Ya tambaye ta wa ta gani a ɗakin nan rannan. Ta saci kallon Baffa, ta sunkuyar da kai, hawaye suka gangaro.

"Kaka ce..."

"Me ya sa ba ki gaya wa kowa ba, 'yata?"

"Na faɗa... Baffa ya ce in na ƙara faɗa zai mayar da ni inda ya tsamo ni."

Mai Keke ta dafe ƙirji ta sulale a cikin akwatin waɗanda ake tuhuma da take tsaye, mata a bayan kotu suka fashe da kuka, har ɗan sandan da ke bakin ƙofa sai da ya juya baya yana goge ido. Baffa ya miƙe yana inda-inda, gumi ya jiƙa babbar rigar, wai sharrin shaiɗan ne, wai talauci ne, wai a dubi iyalinsa. Ya juya wajen matar da ya sa aka jefa da duwatsu yana cewa, "Ƙanwata, ki yafe mini, ki tuna zumunci!" Yau kuma ta zama ƙanwa!

Alƙali ya koma kujerarsa ya yanke hukunci. Ya ce an kafa dokar ta-ɓaci ne don a ceci rai, kariyar da ta ba jami'ai kuwa ta kuskuren da aka yi cikin gaggawa da kyakkyawar niyya ce, ba ta rufe shaidar zur ba, kuma babu dokar da za ta tilasta wa kotu ta kira mai rai matacce. Ya ce zame awarwaro saɓa umarni ne, amma shi bai ga laifin da zai hukunta ba a wurin matar da ta ba tsohuwa mara lafiya gurbinta. Ya wanke Mai Keke tas, ya ba da umarnin a gyara rajista cikin kwana bakwai, a mayar wa Kaka sunanta a kan kabarinta, a kuma ba hukuma kwafin littafin ma'aikaciyar don a sake duba sauran lambobin. Baffa ya samu shekara bakwai a gidan yari saboda shaidar zur da ƙazafi da zaluntar marainiya. Gidan kan tudu kuwa, da ma don yarinyar aka bayar, sai ya ce ta zauna a ciki da uwarta.

Sai dai alƙali yana iya mayar wa uwa 'yarta a takarda, ba ya iya cire tsoron da aka shekara ana shukawa. Tsuntsuwa ba ta rugo ta rungume ta a kotu ba. A hanya ma bayan lauya ta laɓe. Kwana uku a gidan tana raɓe-raɓe a bakin ƙofa, in an ajiye mata abinci sai uwar ta matsa nesa sannan ta ci. Mai Keke ba ta matsa mata ba, ba ta ko miƙa hannu ba, sai dai ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito da murmushi, tana roƙon Allah da ya dawo mata da jikin 'yarta ya dawo mata da zuciyarta.

A rana ta huɗu da safe tana zaune a tabarma a tsakar gida tana sa wa rigar makarantar yarinyar maɓalli, sai ta ji motsi a bayanta. Ba ta waiga ba. Wani ɗan yatsa ya taɓa damtsenta ya janye da sauri, kamar mai gwada zafin tukunya. Ya sake taɓawa, wannan karon ya daɗe. Sannan a hankali yarinyar ta zagayo, ta durƙusa, ta kwantar da kunnenta a kan ƙirjin uwar. Mai Keke ta riƙe numfashi, allura a hannu, hawaye na ɗiga a kan cukurkuɗaɗɗen gashin nan.

"Zuciyarki tana bugawa..."

"Tana bugawa, 'yata."

"Kuma jikinki da ɗumi. Baffa ya ce naki da sanyi."

"Taɓa ki ji, duk inda kike so."

Yarinyar ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, karo na farko a shekara guda. Sai ta ƙanƙame wuyanta da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba, ta saki kukan da aka hana ta yi tun ranar da aka toshe mata baki.

"Mama! Mama, ni na gaya musu ba ke ba ce! Na gaya musu, ba su ji ba..."

"Na sani, Tsuntsuwata, na sani. Kin faɗi gaskiya. Ga ni, babu inda zan ƙara zuwa."

Suka daɗe a haka a tsakar gida, rana ta hau ta same su babu wadda ta saki wata. Allah ka share hawayen duk wanda aka zalunta, ka bai wa mai haƙuri tsawon ran da zai ga ranar sakayyarsa da idonsa, kamar yadda baiwar Allah nan ta ga tata.